Tafkin Ringkøbing

Ringkøbing Fjord tafki ne na ruwan zartsi a yammacin ƙasar Denmark, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 300, amma matsakaicin zurfinsa bai kai mita 2 ba. Wani siririn tudun rairayi mai suna Holmsland Klit ne ya raba shi da teku. Kogin Skjern na zuba masa ruwan daɗi, ruwan gishiri kuma na shigowa ta ƙofar ruwa da aka gina a garin Hvide Sande a 1931. Wanda ke riƙe da wannan ƙofa shi ke yanke yawan gishirin tafkin.

A ƙarshen shekarun 1970 takin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki ya yi wa tafkin yawa. Ƙwayoyin gansakuka suka cika ruwan har ya koma kore shar, mutum ya tsoma hannu zuwa gwiwa da ƙyar ya ga yatsunsa. Hasken rana ya daina isa ƙasa, ciyayin ƙarƙashin ruwa suka mutu. An rage ƙazantar da ke shiga, amma tafkin ya ƙi komawa yadda yake. Wannan shi masana ke kira sauyin hali: muhalli ya tsallaka zuwa wani yanayi ya kafe a can.

A 1995 hukumomi suka fara barin ruwan teku ya ƙara shiga. Abin da ya biyo baya ya zo ba zato. Wata halitta dangin kawa, Mya arenaria, mai binne kanta cikin laka ta miƙo bututu tana zuƙar ruwa tana tace shi, ta samu gishirin da take so ta yaɗu. Cikin shekara biyu ruwan ya washe, ana hango ƙasa a wurare da dama.

Sai dai gyaran bai zo kyauta ba. Ciyayin da suka saba da ƙarancin gishiri sun ja baya, agwagin ruwa da sauran tsuntsayen da ke kiwo a kansu a yankin Tipperne, wurin kare tsuntsaye da ke kudancin tafkin, suka ragu, abin da ya dami masu kula da tsuntsaye ƙwarai, kuma da gaskiyarsu. Takin ma bai tafi ko'ina ba, kawar ce kawai ke ɓoye illarsa. Idan ruwan kogi ya yi yawa gishiri ya sauka, kawar na iya kasa hayayyafa, ruwan ya sake gurɓacewa.