Duwatsun Alkali: Asalinsu da Samuwarsu

Duwatsun alkali wani rukuni ne na duwatsun da suka daskare daga narkakken dutse, waɗanda sinadaran sodiyam da fotasiyam (su ake kira alkali) suka yi musu yawa idan aka gwada da silikar da ke cikinsu, wato babban sinadarin da ke cikin yashi. Ba su kai kashi 1 cikin 100 na irin waɗannan duwatsu a doron ƙasa ba. Saboda ƙarancin silika, a yawancinsu ba a samun ma'adinin kwaz, sai ma'adinai irin su nefelin da lusait da sodalait.

Tushensu yana can ƙarƙashin ɓawon ƙasa, a shimfiɗar da ake kira mantul. Sirrin kuwa yana ga ƙarancin narkewa. Idan ɗan mitsitsin ɓangare na mantul ya narke cikin zurfi, musamman inda akwai iskar kabon dayoksaid, ruwan farko shi ke kwashe sinadaran da ba su sami gurbi a jikin ma'adinai ba, irin su sodiyam da fotasiyam. Kamar a ɗiga ruwa kaɗan cikin yashi mai gishiri ne: abin da ya tsatso zai yi kaurin gishiri, amma in aka kwarara ruwa da yawa sai ya salance. Yayin da narkakken dutsen ke hawowa yana hucewa, wasu ma'adinan kan riga daskarewa, alkalin ya ƙara taruwa a ragowar. Shi ya sa ake yawan samunsu inda nahiya ke tsagewa, kamar Gabashin Afirka.

A 1910 masanin duwatsu Reginald Daly ya kawo ra'ayin cewa duwatsun alkali na samuwa ne idan narkakken dutse ya haɗiye dutsen farar ƙasa. Yau masana sun fi karkata ga mantul, kuma Ol Doinyo Lengai na Tanzaniya ya taimaka wajen warware gardamar, da ya nuna cewa irin wannan narkakken dutse na iya fitowa daga mantul. Dutse ne mai aman wuta da babu irinsa, domin abin da yake amayarwa ɗan'uwan kanwa ne. Zafinsa bai wuce digiri 500 zuwa 600 a ma'aunin Selsiyas ba, yana malala baƙi ƙirin, tsararo kamar ruwa, cikin 'yan kwanaki danshin iska ya mayar da shi fari fat.

Ƙarancin duwatsun alkali bai rage musu daraja ba. Daga tsaunukan Khibiny na Rasha, masu shekara kusan miliyan 370, ake haƙo ma'adinin afatait don yin takin zamani, Araxá ta Barazil kuma ita ke kan gaba wajen samar wa duniya ƙarfen niyobiyam.