Tasirin annobar korona ga masu sankarar furostet

Furostet wani ɗan ƙullin nama ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma sankararsa ita ce ta biyu a yawa tsakanin maza a duniya, bayan ta huhu. A shekarar 2020 an ƙiyasta sababbin masu ɗauke da ita sun kai kusan miliyan 1.4. A watan Maris na wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba, asibitoci suka karkata ga masu fama da numfashi, aka ɗage duk aikin da ba na gaggawa ba.

Inda abin ya fi yin ɓarna shi ne wajen gano cutar. Sankarar furostet ba ta cika nuna alama da wuri ba. Yawanci gwajin jini na PSA, wato auna wani sinadari da furostet ke fitarwa, shi ne ke fara tona ta, sannan a ɗauki hoton MRI, a ciri ɗan nama a duba. Mutumin da ba ya jin ciwon komai, ga dokar kulle, ga tsoron kwaso korona a asibiti, ba shi da dalilin fita. A Birtaniya hukumar lafiya ta NHS da ƙungiyar Prostate Cancer UK sun ƙiyasta cewa maza kusan 14,000 ba su fara magani ba saboda annobar, har suka yi gangamin nemo su a farkon 2022. Raguwar adadin waɗanda aka gano suna da cutar a lokacin ba raguwar cuta ba ce, waɗanda ba a duba ba ne kawai, wasunsu kuwa sai da cutar ta yi nisa suka zo.

Waɗanda aka riga aka gano tasu sun ɗan fi samun sauƙi, domin sau da yawa wannan sankara a hankali take girma. Likitoci suka kasa marasa lafiya gwargwadon hatsari: mai ƙaramin hatsari a ci gaba da sa masa ido, ana tuntuɓarsa ta waya, mai babban hatsari a ba shi allurar rage sinadarin maza, wanda sankarar ke dogara da shi wajen girma, don a riƙe cutar kafin tiyata ko gashi (ƙona sankarar da hasken na'ura). An kuma taƙaita gashin kansa, zuwa asibiti sau 20 maimakon 37, a wasu wuraren ma 5 kacal. Maganin docetaxel, wanda ake sawa ta jijiya don kashe ƙwayoyin sankara, yana raunana garkuwar jiki, don haka a Ingila aka ba da damar maye gurbinsa da ƙwayoyin enzalutamide da ake sha a gida.

An ɗan yi ɗoki a 2020 kan wani bincike daga yankin Veneto na Italiya da ya nuna kamar allurar rage sinadarin maza tana kare mutum daga korona. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da hakan ba.

A Najeriya wannan ce sankarar da ta fi addabar maza, kuma tun kafin annoba yawancinsu sai ta bazu suke isa asibiti. Na'urorin gashi ba su da yawa, sai a wasu manyan asibitoci, saboda haka hana zirga-zirga tsakanin jihohi a 2020 ya ƙara wa masu tafiya neman magani wahala.