Wai wata shida ne kawai hukuncin likitan da ya ci mutuncin majinyaciya?

Wani saƙon murya ya iso wayar ƙanwar mahaifiyata makon jiya. Mai maganar na rantsuwa cewa likita ko me ya yi wa mace a ɗakin dubawa, iyakarsa a dakatar da shi wata shida ya dawo bakin aiki. Da ta gama ji sai ta naɗe katin asibitinta ta cusa ƙarƙashin katifa, ta ce ita da awon mahaifa har abada. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, amma an yanke mata kai da ƙafa.

Hukumar MDCN da ke Abuja ce ke riƙe da rajistar likitoci da likitocin haƙori, na gwamnati da na kuɗi duka. Dokar da ta kafa ta ta tanadi matakai biyu. Kwamitin bincike ne ke karɓar ƙorafi, a rubuce kuma da rantsuwa, ya nemi likitan ya kare kansa. In ya ga akwai abin tuhuma sai ya miƙa wa kotun ladabtarwa ta likitoci. Saboda haka masu cewa da an kai ƙara an ƙwace lasisi, su ma ba su faɗi daidai ba.

To ina wata shidan ya fito? Kotun ladabtarwar na da sanda uku a hannunta: ta ja wa likita kunne, ko ta dakatar da shi na lokacin da bai wuce wata shida ba, ko ta sa a goge sunansa daga rajista. Wata shida iyakar dakatarwa ce kawai. Wanda aka goge sunansa ba shi da ikon duba kowa a matsayin likita a faɗin Najeriya, in ya yi kuma ya sake karya doka. Yana da kwana 28 ya garzaya Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne, wannan kotu ba ta ɗaure kowa. Ikonta a kan lasisi ya tsaya. Taɓa jikin mace da sunan magani alhali da wata manufa laifi ne da kundin dokokin hukunta laifuka na Final Kod ya sani, maganar fyaɗe kuwa ba sai an faɗa ba, kuma hanyarsa ta 'yan sanda ce da kotun shari'a. Tun a 1968, a shari'ar wani likita mai suna Denloye, Kotun Ƙoli ta ce in tuhumar da ake wa likita babban laifi ce da dokar ƙasa ta tanadar wa hukunci, kotu ce ke da hurumin yanke ta, ba zaman likitoci ba. Wanda ya kai kuka MDCN kaɗai yana jiran ya ga likita a gidan yari, ya ɗauki hanyar Zariya ne yana neman Katsina.

Ni dai tazarar da ke tsakanin wata shida da gogewa ɗungurungum ta yi mini faɗi. Laifin da ya fi ƙarfin na farko amma ana jin nauyin yanke masa na biyu, ina za a ajiye shi? Ga kuma batun rantsuwa a rubuce. An yi shi ne don kada a ɓata wa likita suna da ƙage, na yarda, amma matar ƙauye da ko mijinta take kunyar gaya wa abin da ya faru, wa zai kai ta gaban kwamishinan rantsuwa?

Ita ƙanwar mahaifiyar tawa, na gaya mata tana iya cewa sai nas mace ta tsaya a ɗakin kafin a ɗaga mata zane, ta tambayi dalilin kowane awo, in ranta bai kwanta ba ta ce a dakata. Ta ciro katin. Ranar Talata 'yarta za ta raka ta.