Waiwaye: Yadda M.F. Husain ya rasu nesa da Indiya

Ranar 9 ga Yunin 2011 Maqbool Fida Husain, shahararren mai zane haifaffen Indiya, ya rasu a Landan yana da shekara 95, aka binne shi a maƙabartar Brookwood, nesa da ƙasar da ya ƙarar da rayuwarsa yana zana mutanenta da dawakanta. Dalilin wannan nisa yana da dogon tarihi.

An haife shi a 1915 a garin Pandharpur na jihar Maharashtra, cikin iyalin Musulmi, kuma mahaifiyarsa ta rasu tun yana jariri. Da ya isa Bombay yana saurayi, abincinsa ya fito ne daga zana manyan allunan tallan finafinai, yana hawa tsani da goga a hannu yana fitar da fuskar jarumi mai girman bango. Wannan horon ne ya ba shi saurin hannu da ƙarfin layi da aka san shi da su. Bayan samun 'yancin kai a 1947 ya shiga ƙungiyar matasan masu zane ta Bombay tare da F.N. Souza da S.H. Raza, waɗanda suka ƙudiri aniyar raba zanen Indiya da salon da Turawan mulki suka bari. Sunansa ya yi ta bunƙasa har aka naɗa shi ɗan majalisar dattawa a 1986, aka ba shi Padma Vibhushan, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na Indiya, a 1991, duk kuwa da cewa ba ya sa takalmi, ko a manyan taruka.

Rigimar ta kunno kai a 1996, lokacin da wata mujallar Hindi ta sake buga wani tsohon zanensa na allahiya Saraswati ba tufafi. Ƙararraki suka yi ta shigowa kotuna daban-daban, 'yan ƙungiyar masu kishin Hindu ta Bajrang Dal suka kai wa gidansa hari a 1998, sannan a 2006 zanensa na Bharat Mata, wanda ya nuna Indiya a siffar mace ba tufafi, ya ƙara rura wutar. Duk mai addini ya san zafin a taɓa abin da yake girmamawa, kuma ba na raina ɓacin ran Hindu da yawa. Sai dai abin lura shi ne zanen Saraswati ya shafe kusan shekara ashirin ba wanda ya ɗaga murya, sai da siyasar kishin Hindu ta yi ƙarfi, kuma kasancewarsa Musulmi ya sauƙaƙa wa masu neman abin kamfe.

A 2006 ya bar Indiya, yana zama tsakanin Dubai da Landan. Babbar kotun Delhi ta yi watsi da wasu tuhume-tuhumen a 2008, tana cewa zanen Bharat Mata ba batsa ba ne, amma barazanar ba ta gushe ba. A 2010 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Qatar, wanda hakan ya sa ya ajiye fasfonsa na Indiya, tunda dokar ƙasar ba ta yarda da riƙe ƙasa biyu ba.