Wane ne likita mai bincike, kuma me ya haɗa shi da ciwon ƙoda?

Likita mai bincike shi ne wanda ya kammala karatun likitanci, yana da lasisin duba marasa lafiya, amma ya ware kaso mai tsoka na lokacinsa ga binciken kimiyya a kan cutar da yake yi wa magani. Da safe yana zagayen gadajen majinyata, da yamma yana ɗakin gwaje-gwaje ko gaban kwamfuta yana nazarin sakamakon jinin ɗaruruwan mutane. Daban yake da ma'aikacin da ke gwada jininka ya rubuto sakamako, wannan sana'a ce mai zaman kanta. Likitan da muka saba gani yana aiki ne da ilimin da aka riga aka samu. Shi kuwa wannan, idan ilimin ya ƙare majinyaci bai warke ba, sai ya ɗauki tambayar ya tafi nemo amsarta.

A fannin ƙoda irin waɗannan tambayoyi ba su da iyaka. Hausawan Idi-Araba maƙwabtan asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ne, wato LUTH, inda aka fara wankin ƙoda da na'ura a Najeriya a 1981. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa sashen ƙoda, daga Agege ko Mile 12 ko Obalande, ya san yadda abin ke zuwa. Mutum na cikin sana'arsa lafiya ƙalau, sai takalmi ya fara matse masa ƙafa, fuska ta riƙa kumbura da safe, fitsari na kumfar da ba ta saurin bajewa, abinci ya fita ransa. Kafin a kai ga asibiti ƙodar ta riga ta yi nisa, domin cuta ce mai cin mutum a ɓoye shekara da shekaru. Daga nan sai maganar wanki, sau uku a mako bisa ƙa'ida, kowane zama kusan awa huɗu, da kuɗin da ke iya cinye jarin gida kaf. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, wannan sananne ne. To amma saurayi ɗan shekara talatin da ba shi da suga, me ya kashe masa ƙoda? Likitan da ya kasa kawar da kai daga wannan tambaya, shi ake nufi.

Kusan duk abin da ake ceton mai ciwon ƙoda da shi yau daga hannun irinsu ya fito. Willem Kolff likita ne a wani ƙaramin gari na ƙasar Holan, ya harhaɗa na'urar wankin ƙoda ta farko a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Majinyatansa na farko ba su rayu ba, sai a 1945 wata dattijuwa ta farfaɗo. A 1954 Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, tsakanin wasu tagwaye a birnin Boston na Amurka. Mu nan sai a 2000 aka yi dashen farko, a asibitin St. Nicholas da ke tsibirin Legas, sannan asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002.

Misalin da ya fi shafarmu shi ne na wata ƙwayar gado da ake kira APOL1. Likitoci a Amurka sun daɗe suna ganin cewa baƙaƙen fata sun fi turawa kamuwa da mutuwar ƙoda ninki-ba-ninki, kuma talauci da hawan jini kaɗai ba su isa bayani ba. A 2010 masu bincike, ciki har da ayarin Martin Pollak, likitan ƙoda a Harvard, suka gano wasu nau'o'i biyu na wannan ƙwaya, G1 da G2, waɗanda asalinsu Afirka ne. Dalilin yaɗuwarsu shi ne abin mamakin: suna ba jiki kariya daga wani nau'in ƙwayar ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Kakannin da suka ɗauke su sun tsira, suka hayayyafa, suka bar wa jikoki. Sai dai wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ƙodarsa na cikin haɗari fiye da ta sauran mutane. Wanda ya san yadda sikila ke bin jini zai gane tsarin nan da nan.

An gano haka ne a jikin baƙaƙen Amurka, saura a duba gida. Shi ya sa aka kafa ayarin binciken ƙoda a ƙarƙashin H3Africa, shirin binciken ƙwayoyin gado da lafiya a Afirka, bisa jagorancin Dwomoa Adu na Gana da Akinlolu Ojo, ɗan Najeriya. A 2024 suka fitar da sakamakon mutum fiye da 8,000 daga Najeriya da Gana. Kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka gwada suna ɗauke da biyu, kashi 43 suna da ɗaya. Sabon abin da suka samo shi ne ko ɗayar ma tana ƙara haɗarin, da kimanin kashi 18 cikin ɗari, biyun kuma da kashi 25. Wanda sunansa ya zo farko a rahoton, Rasheed Gbadegesin, likitan ƙodar yara ne da ya yi karatu a Ibadan, yanzu yana Jami'ar Duke a Amurka. Kada wannan ya firgita kowa: mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba sa kamuwa da cutar, kuma yawanta ya bambanta daga ƙabila zuwa ƙabila. Yanzu haka ana gwajin magungunan da aka ƙera don ita kanta.

Hanyar zama irin wannan likita doguwa ce. Shekara shida a jami'a, shekara guda ta horo a asibiti, bautar ƙasa, sannan horon ƙwarewa na wasu shekaru biyar ko shida, da jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a nan Legas, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. A matakin ƙarshe dole kowa ya rubuta kundin bincike, kuma a nan ne wasu ke fara jin ɗanɗanon abin. Mai son zarcewa sai ya ƙara da digirin digirgir ko ya nemi gurbin horo a wani ɗakin bincike. A Amurka akwai tsarin da ke haɗa karatun likitanci da na digirgir a shekara bakwai zuwa takwas. Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Yaba ma likitan ƙoda ne, Farfesa Babatunde Salako, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2024.

Abin da ke karya su a nan shi ne lokaci. Likitan ƙoda a ƙasar nan ƙalilan ne, layin majinyata kuwa ba ya ƙarewa, to yaushe zai zauna ya yi tunani? Ga kuɗin bincike da akasari daga waje yake zuwa. Ga wuta: jinin da aka tara ana ajiye shi ne a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, idan janareta ya mutu dare ɗaya aikin shekaru na iya narkewa. Da yawa sukan haɗa kayansu su tafi, kuma ni ban ga laifinsu ba, amma abin yana min ciwo, domin tambayoyinmu suna nan. Mutanen Gashuwa da garuruwan gaɓar kogin Yobe sun daɗe suna kukan yawan ciwon ƙoda, har gwamnatin jihar ta ɗauki nauyin bincike. Ga magungunan kashe ciwo da 'yan dako da masu acaba ke sha kullum, ga haɗe-haɗen gargajiya, ga man bilicin mai sinadarin makuri. Kowanne yana buƙatar likitan da ya san mutanen, yake jin yarensu.

Saura batun yarda. Idan ma'aikaciyar jinya ta zo da takarda ta ce, "Baba, za a ɗan ɗebi jininka don bincike," da yawa daga cikinmu za su tuna Kano a 1996, lokacin da aka gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau. Wannan ɗari-ɗarin yana da tushe. Yau doka ta ce babu binciken da za a yi a kan mutum sai kwamitin ɗa'a ya amince. Haƙƙinka ne a karanta maka takardar da Hausa, a faɗa maka inda za a kai jinin da abin da za a yi da shi, da ko za ka ji sakamako. Kana iya ƙi, kana iya janyewa bayan ka shiga, kuma wannan ba zai taɓa maganin da ake ba ka a asibitin ba.