Yadda Ake Gane Abin Da Akuyar Tatsa Ta Ci: Tambayoyi Da Amsoshi

A Maraɗi mata ne suka fi riƙe awaki a gida, musamman jar akuya da aka san yankin da ita saboda kyan fata, yawan haihuwar tagwaye da nono. Tambayoyin nan daga bakinsu aka fi jin su, shi ya sa da su nake magana.

Na zuba mata harawa da dussa, me kuma za a auna?

Abin da kika zuba daban, abin da ya shiga cikinta daban. Akuya ba tunkiya ba ce, tsintar abinci take yi. Ki tsaya ki kalle ta a kan harawar wake: da leɓenta na sama za ta bi ta tsince ganye tas, ta bar miki kara, wani ta ja shi ƙasa ta tattake. Da zarar ya taɓa fitsari ko kashi, ta gama da shi ko da yunwa na cinta. Sai ki ga komin abincinta ya yi ƙasa ki ce ta ƙoshi, alhali rabi yana ƙarƙashin ƙafarta. Nono kuwa daga abin da ta haɗiye yake fitowa.

To yaya ake awon a gida?

Da sikelin rataye irin na 'yan kasuwa da tsohon buhu. Da safe ki auna abin da za ki ba ta, ki rubuta. Washegari kafin ki zuba sabo, ki tattara ragowar, har da wanda ya zube ƙasa, ki auna. Ki cire na biyu daga na farko. Kada ki yanke hukunci da kwana ɗaya, ki yi mako guda a jere, kina auna nonon da kika tatsa da kwano ɗaya kullum.

Tiya tana yi wa dussa, amma ba ta yi wa harawa, domin dami ba ya zama daidai da dami. Akuya mai shayarwa takan ci busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyin jikinta a yini, wato mai kilo 30 tana neman wajen kilo 1. Ɗanyar ciyawar damina ruwa ne ya fi yawa a cikinta, don haka nauyin da za ta ci ya ninka haka sau da yawa. In kullum komi yana wayewa fes, ni ban ɗauki wannan abin murna ba: alama ce abincin bai ishe ta ba. Masu bincike da gangan suke zuba ƙari, don a samu ragowar kamar kashi 10 cikin 100.

Tuƙa ma ana auna ta?

Ƙwarai, kuma ita na fi so a kula da ita. Lafiyayyar akuya tana shafe awa da yawa tana tuƙa, galibi da dare da tsakar rana in ta kwanta a inuwa. Ki duba wuyanta, za ki ga dunƙulen abinci ya hauro, ta tauna, ta mayar. In tuƙa ta ragu, sau da yawa tun kafin nono ya ragu ne, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne an cika mata dussa ko hatsi lokaci guda babu isasshiyar harawa, cikinta ya yi tsami. Ki ɗora tafin hannu a kwiɓinta na hagu, ya kamata ki ji tumbi yana motsi sau 1 ko 2 a minti. In shiru ne kuma ta ƙi abinci, a kira likitan dabbobi a ranar.

Masu bincike fa, da me suke aiki?

Wasu suna zama da agogo, duk minti 5 ko 10 su rubuta abin da kowace akuya ke yi: ci, tuƙa, sha ko hutu. A manyan gonakin Turai akwai komi mai sikeli da ke karanta lambar kunnen akuya, da na'urar wuya mai ƙirga motsi. Zama da agogon nan, ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko yaron gida duk za su iya.

In awakina suna ci a komi ɗaya fa?

Nan awo yake ruɗewa. Babbar mai ƙaho takan tare komi, ta tunkuɗe ƙanana, ta cinye 'ya'yan gawo da dussa, ta bar musu kara. Jimillar za ta nuna garke ya ci daidai, amma wata tana ramewa a cikinsu. Ki ɗaure kowace a turkenta da nata kwanon har kwanakin awo su ƙare, ki fara da wadda ta haifi tagwaye.