Takardar likita ba ta buɗe ƙofar gidan kaso

Magana na yawo a fadoji da tashoshin Maraɗi cewa ɗan tramol ko mai taɓin hankali, in ya yi laifi, takardar likita kawai iyayensa za su samo a sake shi. Ba haka doka ta ce ba.

Kundin hukunta laifuka na Nijar ya ce babu laifi a kan wanda ba ya cikin hankalinsa a lokacin da ya aikata abin. Wannan "lokacin" shi ne ƙashin bayan maganar. Mutum na iya shekara goma yana karɓar magani a asibiti, amma in ranar da ya fasa shagon ya san abin da yake yi, shari'a za ta hau kansa. Kuma ba takardar da dangi suka riƙo ake dogaro da ita ba: alƙali ne ke naɗa likitan da zai duba shi, ya kuma auna rahoton da sauran hujjoji. Wanda ya bugu da ƙwaya da gangan kafin ya yi ta'asa, kada ya sa rai buguwar za ta wanke shi.

Masu shaye-shaye kuwa, dokarsu ita ce mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumba 1999. Ta ba kotu damar tura wanda ƙwaya ta kama jinya, a madadin ɗauri ko ƙari a kansa. Dama ce, ba tilas ba, kuma wanda ya gudu daga jinyar hukunci na jiransa. Dillali dai nasa hukuncin mai tsanani ne.

Ɗaurin je-ka-gyara-halinka ma ba wanke mutum aka yi ba. An same shi da laifi, an rataye ɗaurin ne. In aka sake yanke masa ɗauri kan sabon laifi cikin shekara 5, sai ya yi tsohon ya ɗora da sabon. Akwai kuma aikin amfanin jama'a ba da albashi ba, da aka kafa a 2017 don ƙananan laifuka.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuraren jinyar sun yi kaɗan, magani kuma daga aljihun dangi. Yaron da iyayensa ke da hali ya fi samun wannan ƙofa, ɗan talaka sai kaso. Mai ɗan'uwa a hannun hukuma ya tattara tsofaffin takardun asibitinsa, ya nemi alƙalin bincike ya sa a duba shi tun kafin ranar shari'a.